Mode Mai Keke da Hannun Abdulrazak

Ni baduku ne, sunana Gazali. Rumfata tana Gidan Dare, gindin wata bishiyar dogon yaro, kuma rumfar da ke manne da tawa ta Mode ce, mai haɗa kekuna. Buhu ne ya raba mu, shi ma ya yage tun tuni ba wanda ya ɗinke, ko da yake ni ne mai basilla. Mun daɗe tare har na san ƙarar kowace sifana tasa in ta faɗi ƙasa. Karatun bokona bai yi nisa ba, amma na ga ya kamata a rubuta wani abu game da mutumin nan tun muna raye, don shi ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Mode ɗan manoma ne daga wani ƙauye wajen Kware. Da albasa ya fara shigowa birni, a bayan wani tsohon keke na mahaifinsa. Kullum keken sai ya lalace a hanya, kullum sai ya zauna gefen titi ya gyara, har ya gane gyaran ya fi masa daɗi da albasar. Ya tare wurin wani mai faci ya koyi aiki, daga baya ya kafa tasa rumfa. Ya yi shekaru yana facin taya da ɗaure birkin masu itace da 'yan garuwa. Sai wata rana wani ɗan kasuwa ya kawo masa keken tsere da ya zo cikin kayan gwanjo, siriri, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Mode ya ɗaga shi da yatsu, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Furar da aka kawo masa ranar ni na shanye ta, bai ma lura ba.

Tun daga nan ya koma haɗa irinsu. Yana bin 'yan gwangwan da masu gwanjo, ya samo gangar keke a nan, ƙafa a can, giya a wani wuri. Ba ya sayar da keke yadda ya zo. Ya ce wanda ya ƙera shi a can ƙasarsu bai san Sakkwato ba, bai kuma san mutumin da zai hau ba. Tayar gaba yakan sa ta fi ta baya kauri, saboda rairayin da ruwa ke kwasowa ya zuba kan kwalta. Cikin tayar yakan shimfiɗa yankin fata siririya saboda ƙaya. Sirdin roba kuwa ba ya barinsa, don wanda ya taɓa ajiye keke a rana cikin bazara ya dawo ya zauna, ya san dalili. Sai ya miƙo mini ta yagar buhun nan, in cusa audugar rimi in rufe da jar fata. Kan keken ma da fata nake naɗe masa. Samarin da ke fita motsa jiki ranar Asabar da safe, masu matsattsun riguna, suna cewa keken Mode kowace gaɓa da ubanta. Suna faɗa suna dariya, amma yawancinsu nasa suke hawa.

Awonsa ma daban ne. In mutum ya zo yana son keke, ba ya fito da tef. Sai ya ja shi da hira har a kira salla, su tafi masallaci tare. In mutumin ya tashi nafila, Mode yana zaune daga baya yana kallon yadda bayansa ke sunkuyawa a ruku'u, da yadda yake dafa ƙasa in zai miƙe. Liman ya taɓa kiransa ya ce masallaci ba wurin auna mutane ba ne. Mode ya ce gaskiya ne, ya daina, ya koma kallonsu wurin alwala da sa takalmi.

Sai kuma abin da ya fi komai a wurinsa: ba ya ba da keke sai ya hau shi a matsayin mai shi. In mai ƙiba ne, ya goya buhun gero ya zaga unguwa. In mai ciwon gwiwa ne, ya ɗaure tasa gwiwar da tsumma tamau ya hau. Mutanen Gidan Dare sun saba, in sun gan shi ya wuce da buhu a baya sai su ce wani ƙato ya kusa samun keke. Wannan dabara ta yi masa aiki shekara da shekaru. Sau ɗaya na ga ta ba shi kunya, kuma labarin da nake so in bayar ke nan.

Abdulrazak ɗan Unguwar Rogo ne, mai sayar da yadi da atamfa a kasuwa, shago ɗaya da wansa Alhaji Maccido. Ya haura hamsin, amma yana cikin masu fitar Asabar, kuma samarin ba su cika barinsa a baya ba. Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya taɓu. Allah ya sa ya tashi. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo ko da yake yana ɗan janta, amma hannun dama ya ƙi. Yana iya damƙe abu, sai dai ba ya iya matsa birki, ba ya iya saki da sauri.

Wata safiya cikin damina motar Alhaji Maccido ta sauke shi a bakin rumfarmu ta wuce. Ya zauna kan bencin Mode, muka gaisa, muka yi masa ya jiki.

Ya ce, "Mode, keke nika so."

"Kana da keke. Ni na haɗa ma shi."

"Wancan na mai hannu biyu na."

Mode ya ci gaba da goge sarƙar da ke hannunsa. Ya ce, "Alhaji Maccido ya sani?"

"Yaya shina zaton gaisuwa ta kawo ni."

"Mi likita yac ce?"

"Ya ce motsa jiki na da kyau in ina iya tsayawa. Tahiya ba ita ta matsala ba. Tsayawa ta." Ya ɗauki hannun daman da na hagu ya aza bisa cinya. "Tun da nak kwanta ban hita gida ni kaɗai ba. A sa ni mota, a hidda ni mota, kamar dilar atamfa. Ko masallacin Juma'a sai da mai rakiya. So nika yi in hita ƙohwar gida in tahi inda nika so, ba wanda ka biye da ni."

Mode ya ajiye sarƙar. Ya tashi ya shiga bayan rumfa, ya jawo wata gangar keke mai saukakken ƙarfe a tsakiya, wadda mutum zai ratsa ƙafa ba sai ya ɗaga ta sama ba.

Abdulrazak ya ce, "Wanga ai na mata na."

"Ƙarhe bai san mace ba."

"Mutanen Unguwar Rogo sun sani."

Na yi dariya, Mode ma ya murmusa. Daga ƙarshe ya ɗauki gangar keken tsere ya kai wurin mai walda, aka yanke ƙarfen sama aka sauko da shi kaɗan daga wajen sirdi, yadda ƙafar da ake ja za ta iya haurawa, mutanen unguwa kuma ba za su sami abin faɗa ba.

Aikin ya ɗauke shi lokaci, don kusan komai sai da ya sake tunaninsa. Birki biyu ne a keke, na gaba da na baya, kowane da hannunsa. Mode ya samo mariƙin birkin babur, ya sa maƙeri ya yi masa wani ɗan ƙarfe mai huda biyu, ya haɗa wayoyin birkin duka a kansa, duk suka koma hannun hagu. Ya ɗaure ta baya ta fi ta gaba tsauri, don na baya ya fara kamawa, kada keke ya kifa da mutum. Abin canza giya ya ciro daga keken yara masu hawan tudu, ya sa shi daidai ƙarƙashin babban yatsan hagu. Faifan sarƙa na gaba biyu ne, ya cire ɗaya ya jefa cikin kwali, ya ce hannu ɗaya ba ya kiwon garke biyu. Ni kuma ya sa na ɗinka wata 'yar rumfar fata a fedar dama, kamar gaban silifa, ta riƙe ƙafa kada ta zame amma ta bar ta ta fita in an ja baya.

Da ya gama, ya zo kaina da rawani ya juya mini baya.

"Baduku, ɗaure man hannun ga."

Na ɗaure masa hannun dama a bayansa. Ya hau da hannu ɗaya, ya zaga Gidan Dare, ya fita titi, ya dawo, ya kwance wata waya ya ƙara ɗaure wata, ya ce in sake ɗaure shi. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Mata masu awara suna tambayata ko Mode ya yi sata ne aka kama shi. Ya kai ga yana iya tsayar da keken cikin gudu, kan rairayi, ba tare da ya karkace ba. Ranar ya ce mini, "Ya yi." Ban taɓa jin ya ce haka game da keke ba sai ya yi ɗin.

Aka sa ranar gwaji wata Asabar da sassafe a Sama Road, lokacin da ofisoshi ke rufe, motoci ba su yi yawa ba. Abdulrazak ya zo cikin napep, ya ce wa mutanen gida za shi gaida mara lafiya. Muka taimaka masa ya hau, Mode ya aza masa hannun dama a kan keken, yatsun suka damƙe. Ya tura feda. Ya ɗan yi tangaɗi, sannan ya miƙe. Na ga bayansa ya sunkuya yadda ya saba da can. Ya je ya juyo, ya tsaya gabanmu tsaf. Ya sake tafiya.

A zuwa na uku ne wani ɗan kabu-kabu ya fito da babur daga lungu bai duba ba. Ba kusa sosai ba ne, akwai fili. Abdulrazak ya matsa birki yadda ya kamata, amma kan keken ya fizge ya yi dama, kamar wani ya ja shi da igiya. Ya faɗi bakin kwata. Ya kuje goshi da kafaɗa, leɓensa ya fashe. Ƙashi bai karye ba, alhamdu lillahi.

Labari ba ya kwana. Kafin azahar Alhaji Maccido ya iso rumfarmu. Mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni da girmamawa, sannan ya juya.

"Mode, mu bakwai uwarmu ta haihwa, shi ɗai yar rage man. Na ɗauke shi daga ƙasa sau ɗaya, ban so in ƙara. Ina keken?"

Mode ya nuna masa. Alhaji ya sa aka ɗora shi a but ɗin mota, ya kai ɗakin ajiyar kayansu ya kulle.

Mode ya wuni bai taɓa sifana ba. Da la'asar ya leƙo ta yagar buhu.

"Baduku, ka ga abin da nay yi?"

"Ɗan kabu-kabu na da laihi."

"A'a. Ni na ɗaure hannuna baya, na haɗa keke don mutumin da ba shi da hannun dama. Shi ko hannunai na nan. Shina bisa keken, shina riƙe, kuma shina yin abin da ya ga dama. Ban tambayi hannun komi ba."

Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya tafi kasuwa, ya yi sallama a shagon su Abdulrazak, ya zauna a benci. Haka ya riƙa yi, ya yi aikin safe sama-sama, ya rufe, ya tafi ya zauna. Ni nake karɓar masa saƙon masu kawo gyara, wasu suna fushi suna kai wa wani. Ba ya maganar keke a can. Ya sha shayi, ya taya su naɗe yadi, idonsa na kan hannun nan. Alhaji Maccido ya gaji ya ce, "Mode, in yadi kaka so ka hwaɗi a yanka ma, ka cika muna benci." Mode ya ce bencin ne ke masa daɗi.

Da yamma yakan dawo ya ba ni labarin abin da ya gani. In Abdulrazak yana zaune lafiya, hannun yana kwance kamar na kowa. Amma in mai baro ya yi ihun a ba shi hanya, ko dila ta faɗo daga sama, ko da atishawa ce ko hamma, sai yatsun su ƙulle, gwiwar hannun ta lanƙwashe, hannun duka ya ja zuwa ƙirji. Ba da saninsa ba, kuma da ƙarfi. Mode ya ce ya taɓa riƙe masa hannun lokacin da ya yi hamma, sai da ya ji an ja shi gaba.

Ya ce, "Ka gani, na aza hannun ga can ƙarshen ƙarhe, inda ja kaɗan ka juya keke duka. Da ya firgita, sai hannun yaj ja."

Na ce, "Tau a ɗaure hannun ga ƙirji, shi tuƙa da ɗaya kamar yadda kay yi."

"Na tambaye shi. Ya ce in ba hannun ga bisa keke, ji shika yi kamar zai hwaɗi hagu. Kuma ba shi so a gan shi ɗaure."

Sai ya je wurin masu tukwane ya samo curin yumɓu mai laushi. Ya kai shago, ya sa wa Abdulrazak a tafin hannu, ya ce ya riƙe. Suna cikin hira Mode ya saki faranti a ƙasa da gangan. Hannun ya ƙulle, ya ja. Mode ya buɗe yatsun a hankali ɗaya bayan ɗaya ya zare yumɓun, ga shaidar kowane yatsa a jiki. Ya kuma lura da inda hannun ya tsaya a gaban ƙirji, ya auna da kara. Abdulrazak ya ce masa farantin na uwargidansa Hajiya ne, Mode ne zai je ya yi mata bayani.

Yumɓun ya bushe, Mode ya kai wa masassaƙi tare da wata tsohuwar ƙotar gatari ta icen marke, aka sassaƙa mariƙi daidai da shi. Ya samo wani kan keken tsere, ya bar ɓangaren hagu da lanƙwasarsa, ya yanke na dama saura kaɗan. A wannan ɗan guntun, dab da tsakiya, ya kafa icen a tsaye, ya ɗan karkato da shi wajen ƙirjin mai hawa, wato inda hannun ke son zuwa da kansa. Ni na rufe shi da fata, na sa gefen mai kaushi a waje saboda gumi. Ya kuma yanko roba daga tsohon tub na mota, wadda zai ɗaura daga ƙarƙashin wuyan keke zuwa gangarsa, don kan ya riƙa komawa tsakiya da kansa. Abin ba kyan gani. Rago ne mai ƙaho ɗaya, da turke a gefe.

Keken yana kulle, kuma Mode bai roƙa ba. Ya ɗauki sabon kan da wani tsohon kai mai ƙaho biyu, ya ce in raka shi kasuwa. Abdulrazak ya tafi salla, Alhaji Maccido kaɗai muka iske. Mode ya riƙe tsohon kan a tsakiya, ya miƙa masa ƙarshen dama.

"Alhaji, ja."

Alhaji ya dube shi, ya ja. Ƙarfen ya juya a hannun Mode nan take.

Ya ɗauko sabon, ya riƙe a tsakiya, ya nuna masa icen. "Ja nan. Da ƙarhi."

Alhaji ya ja, ya ƙara ja har hularsa ta goce. Ƙarfen ya ɗan motsa kawai. Ya saki, ya zauna, ya daɗe yana juya abin a hannunsa, yana sa yatsunsa cikin gurbin yatsun ƙanensa.

"Kana ba ni tabbacin ba shi hwaɗuwa?"

"A'a. Mai hannu biyu ma na hwaɗuwa. Abin da yak kada shi rannan dai, shi na gyara."

"Rannan ma ka ce ya yi."

"Na ce."

Alhaji ya ajiye kan keken a gefe. Wata mata ta shigo neman leshi, ya sallame ta, ya dawo. Ya ce, "In za a gwada, ba wurin da babu kowa ba. Ga gangare za a yi, ni ina biye da mota. In ya ɗauki gudu in danna mai hon, ba da saninai ba. In kan ya juya, magana ta ƙare har abada, kai ma ka bar zo man shago."

Na zaci Mode zai ce abin ya yi tsauri. Sai ya ce, "Daidai na. Hanya ba ta sallama kahin ta firgita mutum."

Aka fito da keken, Mode ya sauya kan, ya ɗaura robar. A wannan karon bai sa na ɗaure shi ba. Ya sa wani maƙwabcinmu ya ɗaura igiya a icen ya riƙa fizga yana gudu a gefensa, shi kuma yana tuƙi. Ya faɗi sau ɗaya, ya ƙara wa robar tsauri. Bai ce mini ya yi ba. Da na tambaye shi, ya ce sai mai hannun ya hau.

Ranar an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Muka je gangaren da ke sauka wajen fadama, hanyar gadar Kwalkwalawa. Shinkafa ta yi kore shar a ƙasa. Abdulrazak ya sa hular kwano da wansa ya sayo ya tilasta masa. Ya dubi keken ya ce, "Mode, wanga ko ɓarawo ba shi ɗauka." Mode ya ce shi ma wani amfani ne. Ya ɗora masa hannun a kan icen, yatsun suka faɗa gurbinsu. Abdulrazak ya dubi hannun.

Ya tafi. Muka bi shi a mota, Alhaji na tuƙi, Mode a gaba, ni a baya. Ya fara a hankali, sannan gangare ya ɗauke shi, iska ta cika masa riga. Ba mota gaba, ba mota baya. Alhaji ya aza tafin hannunsa a kan hon. Ina kallon hannun. Ya ɗaga, ya mayar. Muka wuce inda aka shirya za a danna.

Mode ya ce, "Alhaji."

"Bari shi ɗan rage gudu."

"In ya rage ba a gwada komi ba."

Alhaji ya ci gaba da tuƙi. Na ga gumi a bayan wuyansa duk da sanyin. Gangaren ya kusa ƙarewa. Sai Mode ya miƙa hannu ta gabansa ya danna hon ɗin da kansa, ya riƙe.

Na ga kafaɗar Abdulrazak ta dama ta ɗaga, gwiwar hannun ta shige jikinsa. Keken ya yi rawa sau ɗaya, tayar gaba ta taɓa rairayin gefen kwalta, ta dawo. Tayar baya ta yi ƙara. Ya tafi a miƙe, yana raguwa, yana raguwa, har ya sauke ƙafar hagu a ƙasa ya tsaya.

Alhaji ya tsayar da mota. Ya ɗan zauna riƙe da sitiyari kafin ya buɗe ƙofa. Muka iske Abdulrazak yana haki, hannun nan ya ƙulle a kan icen har jijiyoyi sun fito, kan keken kuwa yana kallon gaba.

"Wa ad da wanga aiki? Yaya, kai na?"

Mode ya ce, "Ni na."

"Ashe kai mugu na, Mode. Baba Gazali, kana zaune kana kallo?"

Na ce ni baya aka sa ni.

Mode bai kula mu ba. Ya tsuguna ya taɓa bakin ƙafar baya ya ji zafinta, ya ja robar ya saki, ya girgiza icen ya ga ko ya yi sako-sako. Ya tambayi Abdulrazak ko fatar ta ci masa tafin hannu. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko ya ji kan na yi masa gardama wurin kwana. Ya ce kaɗan. Mode ya ce ya kawo shi ranar Litinin a sassauta.

Alhaji Maccido yana tsaye gefe, hannuwansa a baya, yana kallon fadama. Can ya ce, "Ina kaka son zuwa?"

Abdulrazak ya ce, "Ban sani ba tukuna. Ƙila in ƙetare gada."

"Wayarka na aljihu?"

"Tana nan."

"Tau." Ya gyara masa igiyar hular kwanon, wadda ba abin da ya same ta. "Mu za mu koma, an bar shago ba kowa."

Muka shiga mota. Alhaji ya juya ta, muka fara hawan gangaren. Bai dubi madubi ba, idonsa na kan hanya, hannu biyu a sitiyari. Mode kuwa ya ciro wata 'yar waya daga aljihu yana lanƙwasa ta, da alama hankalinsa ya riga ya koma kan aikin da ya bari a rumfa. Mun yi nisa kaɗan sai Alhaji ya yi gyaran murya.

"Baba Gazali, duba man baya. Ya hau?"

Na juya. Na daɗe ina dubawa, don idona ba kamar da ba.

Na ce, "Ya hau. Ya kusa gada."